Tambaya da Amsa: Burauza Ta Sauya Kama, Me Ya Canza a Cikinta?

Duk lokacin da kamfanonin burauza suka fitar da sabon fasali, tambayoyi sukan yi wa wannan fili yawa. Wasu sun wayi gari sun ga maɓallan da suka saba da su sun sauya wuri, wasu kuma sun ga gargaɗin da ba su taɓa gani ba. Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome, Firefox, Edge da Safari. Abin da ido yake gani, wato launi da siffar maɓallai, shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da ake sauyawa. Babban aikin yana can ƙarƙashi, a ɓangaren tsaro, kuma can za mu fi tsayawa. Sunayen maɓallai mun kawo su yadda suke rubuce a manhajojin, domin mai nema ya gane su da zarar ya gani.

Tambaya: Assalamu alaikum. A da ina ganin alamar kwaɗo a gefen adireshin shafi, kuma an koya mana cewa in babu kwaɗon kada mu sa kalmar sirri. Yanzu a Chrome kwaɗon ya ɓace, sai wata alama mai layuka biyu. Shin tsaron ne aka cire?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Tsaron yana nan, alamar kawai aka sauya. Tun daga Chrome 117, a Satumban 2023, aka maye gurbin kwaɗon da wannan alama mai kama da maɓallan saiti. Dalilin da Google ya bayar shi ne mutane suna yi wa kwaɗon fahimtar da ba tasa ba. A binciken da kamfanin ya yi, kashi 11 cikin ɗari kacal na mahalarta ne suka gane ainihin ma'anarsa.

Kwaɗon abu ɗaya yake nufi tun asali: hanyar da ke tsakanin na'urarka da shafin a kulle take da tsarin HTTPS, ta yadda wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai, ko kamfanin da ke ba ka intanet, ba zai iya karanta abin da kake aikawa ko ya sauya shi a hanya ba. Bai taɓa nufin cewa mai shafin mutumin kirki ne ba. Takardar shaidar da ke ba shafi wannan kullewa kyauta ake samunta yanzu, musamman tun da hukumar ba da shaida ta Let's Encrypt ta fara rabawa a 2015, kuma cikin 'yan mintuna ake gamawa. Saboda haka ɗan damfara ma yana da ita. Za ka iya miƙa wa ɓarawo kalmar sirrinka ta hanyar da ke kulle ruf, ta isa hannunsa lafiya ƙalau.

Abin da ya kamata ka riƙa dubawa shi ne sunan shafin. Ka nemi alamar "/" ta farko bayan sunan, sannan ka karanta sassa biyu da ke gabanta. Idan adireshi ya kasance bankinka.com.tantance-asusu.net/shiga, to shafin na tantance-asusu.net ne, sunan bankin da ke farko ado ne kawai aka yi don a yaudari ido. Akwai kuma masu saka harafin wani rubutu mai kama da namu, kamar "а" na rubutun Rasha a madadin "a". Burauzar zamani idan ta ga irin wannan cakuɗe sai ta nuna sunan da wasu haruffa masu farawa da xn--. Ganin haka a shafin da ka saba da shi ya isa ka rufe shi.

Gargaɗin da ya rage mai muhimmanci shi ne "Not secure", wanda Chrome ta fara sa wa duk shafin da ba shi da HTTPS tun daga siga ta 68 a Yulin 2018. Muna ba da shawarar ka ƙara mataki ɗaya. A Chrome ka shiga "Settings", sai "Privacy and security", sai "Security", ka kunna "Always use secure connections". A Firefox sunansa "HTTPS-Only Mode", yana nan tun siga ta 83 a Nuwamban 2020. Daga nan burauzar za ta riƙa gwada kullalliyar hanya da farko, idan shafin ba shi da ita ta tsaya ta tambaye ka kafin ta buɗe.

Tambaya: Na buɗe shafuka shida kawai, amma da na duba jerin ayyukan kwamfutata sai na ga sunan burauzar fiye da sau ashirin, kuma ta cinye kusan rabin ram. Ko dai ƙwayar cuta ce ta shige ni?

Amsa: Ba cuta ba ce, haka aka gina ta da gangan, kuma wannan yana cikin manyan kariyar da kake da su.

A tsohuwar burauza komai a ɗaki ɗaya yake gudana. Shafi ɗaya ya maƙale, duka su faɗi. Shafi ɗaya ya samu kafar kutse, ya ga duk abin da ke ɗakin. Da Chrome ta fito a Satumban 2008 sai ta zo da tsarin raba aiki gida-gida, kuma kowane gida an killace shi: ɓangaren da ke karanta shafi ba shi da ikon buɗe fayilolinka ko taɓa kyamara kai tsaye, dole ya roƙi babban ɓangaren burauzar, shi kuma ya duba ko ya halatta. Don haka mai kutse yana buƙatar kafa biyu, ɗaya ta shiga ɗakin, ɗaya ta fita daga cikinsa.

A Janairun 2018 aka bayyana wata matsala mai suna Spectre, wadda ba a manhaja take ba, a cikin farosesa take, wato ɓangaren na'ura da ke yin lissafi da zartar da umarni. Farosesar zamani takan yi hasashen aikin da ke tafe ta fara yinsa tun kafin a umarce ta, domin sauri. Idan hasashen ya kuskure sai ta watsar, amma takan bar sawu a ma'ajiyarta ta kusa, kuma ta hanyar auna lokaci shafi zai iya gano abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗakin da yake zaune. Ke nan idan shafin banki da wani mugun shafi suna ɗaki ɗaya, akwai haɗari ko da burauzar ba ta da kuskure ko ɗaya. Maganin shi ne a ba kowane shafi ɗakinsa. Chrome ta kunna wannan ga masu kwamfuta a siga ta 67 a 2018, Firefox kuma ta kai shi ga kowa a siga ta 95 a Disamban 2021, ƙarƙashin sunan Fission. Talla ko bidiyon da aka liƙa daga wani shafi shi ma ɗakinsa daban, haka kowace ƙaramar manhajar da ka ƙara wa burauzar, haka ɓangaren zane da na sadarwa. Ka ga yadda shida ke zama ashirin. Google ya ce wannan tsari yana ƙara cin ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, da kimanin kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. A ganinmu kuɗi ne da ya cancanci a biya. A wayoyin Android an taƙaita shi: sai mai ram 2GB zuwa sama, kuma an fi mayar da hankali kan shafukan da ake shiga da kalmar sirri.

Kada ka bi shawarar masu cewa a kashe wannan kariya don kwamfuta ta yi sauri. Ka fara gano mai cin ram ɗin. A Chrome da Edge kan Windows ka danna Shift da Esc tare, a Firefox ka rubuta about:processes a gurbin adireshi. Za ka ga kowane shafi da abin da yake ci, kuma sau da yawa shafi ɗaya ko ƙaramar manhaja ɗaya ce mai laifin. Sannan ka shiga "Performance" a saitin Chrome ka kunna "Memory Saver". A Edge ana kiransa "Sleeping tabs". Aikinsa shi ne ya kwantar da shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya saki ram ɗinsa. Inda ake samun matsala shi ne idan ka koma, shafin yakan sake lodi, kuma abin da ka fara rubutawa zai iya salwanta. Shafukan da kake aiki a kansu kullum ka sa su cikin jerin "Always keep these sites active".

Tambaya: Kusan kowane mako sai burauzata ta nuna min in sabunta. Ni kuma shafuka da yawa nake bari a buɗe, ba na son rufewa. Me zai faru idan na ƙyale ta wata ɗaya ko biyu?

Amsa: Malama, cikin duk tambayoyin wannan fitowa taki ce muka fi so kowa ya karanta amsarta. Burauza takan sauke gyaran da kanta, amma gyaran ba ya fara aiki sai an rufe ta an sake buɗewa. Wadda ta bar ta a buɗe wata guda tana yawo ne da tsohuwar siga, alhali sabuwar tana ajiye a cikin kwamfutarta.

Abin da ya sa jinkiri yake da haɗari shi ne tushen Chrome da Edge, wato Chromium, a buɗe yake ga kowa, haka na Firefox. Da zarar an toshe wata kafa, masu kutse sukan kwatanta tsohon rubutun manhajar da sabo su gano inda aka gyara, su kai hari kan waɗanda ba su sabunta ba. Wannan ne ya sa aka rage tazara: Chrome ta koma fitar da babbar siga kowane mako 4 a 2021, kuma tun Agustan 2023 take fitar da gyaran tsaro mako-mako. Masu aikin Chromium sun ce kusan kashi 70 cikin ɗari na munanan kurakuran tsaronsu daga sarrafa ƙwaƙwalwa suke, irin su manhaja ta ci gaba da amfani da gurbin da ta riga ta saki. Irin wannan kuskure ba ya buƙatar ki sauke komai. A Satumban 2023 an gano kafa a ɓangaren da ke buɗe hotuna nau'in WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da Edge a lokaci guda, kuma an riga an fara cutar da mutane da ita kafin gyara ya fito. Hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa.

Chrome tana nuna tsufan gyaran da launi: kore idan bai kai kwana 2 ba, ruwan lemo idan ya kai kamar kwana 4, ja idan ya kai mako. Kada ki bari ya kai ja. Batun shafukanki kuwa ba abin damuwa ba ne: idan kika latsa "Relaunch" za ta dawo miki da su, ban da na tagar sirri, wato "Incognito". Ki adana abin da kike rubutawa tukuna. Idan wani bai dawo ba, Ctrl da Shift da T suna dawo da abin da aka rufe. Don tabbatar da sigarki ki rubuta chrome://settings/help.

Wuri biyu ake yawan tuntuɓe. Masu Windows 7 da 8.1 sun tsaya a Chrome 109 tun Janairun 2023, don haka ko ta ce musu babu sabon abu, ba wai suna kan sabuwar siga ba ne, an daina ba su ne. Masu iPhone kuma su sani gyaran Safari tare da na iOS yake zuwa, kuma a mafi yawan ƙasashe sauran burauzoji a iPhone kan injin Safari suke aiki. Duk wanda ya ƙi sabunta wayar, ya bar burauzarsa ma a baya. Ki kuma kiyayi shafin da zai ce miki burauzarki ta tsufa, ki sauke wani fayil. Sabuntawar gaskiya daga cikin menu na burauzar take fitowa ko daga rumbun manhajojin waya, ba daga cikin shafi ba.

Tambaya: Wani lokaci idan na latsa mahaɗi sai allon ya koma ja da gargaɗi. Wani lokaci kuma a ce haɗina ba na sirri ba ne. Duk abu ɗaya ne? Kuma ta yaya burauzar ta san shafin mugu ne, ko tana aika duk inda na shiga ne?

Amsa: Abu biyu ne mabambanta. Jan allo yana nufin shafin yana cikin jerin waɗanda aka kama da damfara ko raba muguwar manhaja. Chrome da Firefox da Safari suna dogara ne da Safe Browsing na Google, Edge kuma da SmartScreen na Microsoft. Idan ka ga ja, ka koma baya kawai.

A tsarin da ya zo a kunne, Chrome ba ta aika adireshin gaba ɗaya. Takan mayar da shi wata lambar yatsa mai tsawon bayit 32, ta yanki bayit 4 na farko ta aika. Adireshi masu ɗimbin yawa suna iya haɗuwa a kan waɗannan 4, don haka sabar Google, wato kwamfutar da ke amsa tambayar, sai ta maido da duk mugayen da suka dace da su, na'urarka ta ƙarasa kwatancen da kanta. A da jerin a na'urarka yake, ana sabunta shi duk minti 30 zuwa 60. Google ya ce matsakaicin shafin damfara ba ya kai minti 10 a raye, wato kafin jerin ya iso an gama cin kasuwa. Shi ya sa a Maris na 2024 aka koma tambaya nan take, ta hannun wata saba ta tsakiya da ke cire lambar IP ɗinka, wato adireshin na'urarka a intanet. Akwai mataki na sama, "Enhanced protection", wanda ya fi kama sababbin shafuka, amma shi yana aika wa Google adireshin da ƙarin bayani. Ga wanda ke yawan latsa mahaɗin da aka turo masa, muna ganin ribarsa ta fi asararsa.

Gargaɗi na biyu kan takardar shaidar shafin yake: ta ƙare, ko sunan da ke kanta bai dace da na shafin ba, ko ba a san wanda ya ba da ita ba. Idan a shafi ɗaya ne, laifin mai shafin ne, kada ka sa komai a ciki. Idan kuwa a kowane shafi yake fitowa, ka duba agogon na'urarka, domin kwanan wata mara daidai yana sa kowace takarda ta zama kamar ta ƙare. Kwamfutar da ke mance lokaci duk sanda aka kashe ta, ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ne ya mutu, yawanci CR2032. Haka ma Wi-Fi na jama'a yakan jawo wannan gargaɗi har sai an cika shafinsa na shiga.

Tambaya: Burauzar tana tambayata ta adana min kalmar sirri, yanzu kuma tana maganar wani abu wai shi passkey. Ni dai ina tsoro. Ba gara in riƙe kalma ɗaya mai ƙarfi a kaina ba?

Amsa: Tsoronka yana da tushe, ɗan'uwa, amma kalma ɗaya a ko'ina ita ce hanyar da aka fi kwace asusu da ita. Ƙarfinta ba ya taimaka idan aka fasa rumbun wani ƙaramin shafi da ka taɓa rajista. Daga nan sai a gwada imel ɗinka da wannan kalma a sauran shafuka. Adanawa a burauza, kowane shafi da tasa kalmar, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: burauza ba ta cika kalmar sirri sai a ainihin shafin da aka adana ta. Idan ka shiga shafin da yake kama da na bankinka amma ta ƙi cikawa, ka tsaya ka karanta adireshin, kada ka rubuta da hannu.

Burauzar zamani kuma tana duba ko kalmarka tana cikin waɗanda suka yoyo, ba tare da ta aika kalmar a fili ba. A Chrome ka nemi "Safety Check". Duk wadda ta ce ta fita, ka canza ta ranar, ka fara da ta imel, domin ta imel ake sake saita sauran.

Rauninta shi ne na'urar kanta. Wanda ya zauna a kwamfutarka a buɗe, ko muguwar manhaja da ta shiga, zai iya kwashe abin da ke ciki. Don haka ka sa wa na'urar makulli, a Firefox ka kunna "Primary Password", kuma kada ka adana komai a kwamfutar da ba taka ba. Manhajojin sata, waɗanda suka fi zuwa cikin fasassun manhajoji da wasannin da ake rabawa kyauta, ba kalmar sirri kaɗai suke ɗauka ba, har da kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka, waɗanda ke shaida cewa ka riga ka shiga. Da su ɓarawo zai shiga asusunka ba tare da kalma ba, ba tare da lambar tabbatarwa ba. Chrome 127 a Yulin 2024 ta ɗaure waɗannan kukis da ita kanta manhajar a Windows domin wahalar da satar, amma wahalarwa ce, ba hanawa ba. Idan kana zargin hakan ta faru, ka tsaftace na'urar, sannan daga wata na'ura mai lafiya ka canza kalmar, ka zaɓi fita daga dukkan na'urori, domin wannan ne yake kashe kukis ɗin da aka sata.

Shi kuwa passkey makullai biyu ne da na'urarka ke ƙirƙira wa kowane shafi. Ɗaya na fili ne, shafin ya ajiye. Ɗaya na sirri ne, yana wurinka. Lokacin shiga, shafin ya turo ƙalubale, ka buɗe da yatsa ko fuska ko lambar allo, na'urar ta sa hannu. Zanen yatsarka ba ya barin na'urar, kuma babu wata kalma a rumbun shafin da za a sata. Mafi muhimmanci, makullin a ɗaure yake da sunan shafin, don haka shafin bogi ba zai samu komai ba ko da ka ruɗu. Apple da Google da Microsoft sun sanar da goyon bayansa tare a Mayun 2022. Kafin ka dogara da shi, ka tabbatar yana daidaituwa da asusunka ko kana da shi a na'ura ta biyu, kuma ka ajiye lambobin ceto a takarda, saboda ranar da waya za ta ɓata.

Tambaya: Idan na buɗe tagar sirri, babu mai ganin abin da nake yi, ko ba haka ba?

Amsa: Ba haka ba ne. Tagar sirri tana hana burauzar ajiye tarihi da kukis da abin da ka cika a fom bayan ka rufe ta. Kariya ce daga wanda zai taɓa na'urar bayanka. Kamfanin intanet ɗinka, mai kula da netwok na ofis ko makaranta, da shafin da ka ziyarta, duk suna iya sanin ka je. Fayil ɗin da ka sauke yana nan, kuma idan ka shiga asusunka shafin ya san kai ne. Wannan ruɗani har kotu ya kai a Amurka, inda a 2024 Google ya amince ya goge ɗimbin bayanan da ya tara kuma ya gyara bayanin da ke fitowa a tagar.

Idan bin sawun masu talla ne ya dame ka, a nan burauzoji suka rabu. Safari ta toshe kukis na ɓangare na uku, wato na wani shafi daban da wanda kake ciki, gaba ɗaya tun Maris na 2020. Firefox tun Yunin 2022 take ba kowane shafi rumbun kukis nasa, ta yadda mai tallan da ke shafi biyu ba zai haɗa ka a tsakaninsu ba. Chrome ta yi shekaru tana alkawarin cire su, a 2024 ta janye, don haka sai ka toshe da kanka a "Third-party cookies". Idan wani shafin biyan kuɗi ko shiga ya ƙi aiki bayan haka, ka sassauta wa shi kaɗai. A Firefox garkuwar da ke gefen adireshi ake latsawa.

Tambaya: Bayan sabuntawa Chrome ta kashe min manhajar toshe talla, ta ce ba a goyon bayanta kuma. Me ya jawo?

Amsa: An sauya ƙa'idar da waɗannan ƙananan manhajoji ke bi, zuwa wadda ake kira Manifest V3, kuma tun 2024 Chrome ta fara kashe na tsohuwar ƙa'ida. A da manhajar tana iya tsayawa a tsakani ta duba kowace buƙata da shafi ya aika. Yanzu sai dai ta ba burauza jerin dokoki, burauzar ta zartar, kuma an hana ta ɗauko umarni daga wata saba bayan an girka ta. Hanin nan na biyu gyara ne na gaske, domin an sha sayen manhaja mai farin jini a mayar da ita ta sata cikin dare. Amma na farkon ya rage wa masu toshe talla ƙarfi, kuma masu sukar Google kan haka suna da hujja, tun da kamfanin da talla yake ci. Mai toshe talla uBlock Origin na asali ya daina aiki a Chrome, akwai uBlock Origin Lite, yayin da Firefox ta ci gaba da karɓar na asalin.

Tun da ka zo nan, ka buɗe chrome://extensions ko about:addons ka cire duk wadda ba ka tuna ka girka ba. Wadda aka ba izinin karantawa da sauya bayanai a dukkan shafuka tana ganin shafin bankinka kamar yadda kake ganinsa, kuma HTTPS ba ya hana ta. A Chrome ka shiga "Details" ka mayar da "Site access" zuwa "On click".

Tambaya: Saƙonni suna faɗo min a kusurwar allo wai an gano ƙwayoyin cuta biyar, in latsa in goge. Ko burauzar a rufe take suna zuwa a waya.

Amsa: Kada ki latsa. Wani shafi ne ya taɓa neman izinin turo sanarwa, galibi da dabarar "latsa Allow don tabbatar da kai mutum ne", aka ba shi. Babu shafin da ke iya binciken na'urarki. A Chrome ki shiga "Settings", ki nemi "Site settings", sai "Notifications", ki cire duk sunan da ba ki sani ba, sannan ki hana shafuka neman izinin gaba ɗaya. A nan ma ki duba kyamara da makirfo da wurin zama. Idan shafi ya nemi ɗaya cikinsu nan gaba, ki zaɓi "Allow this time", izinin zai ƙare da ziyarar.

Tambaya: Ni sabon fasalin ne bai yi min ba. Zan iya sauke tsohuwar siga in koma?

Amsa: Kada ka yi, domin tsohuwar siga da dukkan kafofinta take dawowa, kuma shafukan da ke raba tsofaffin sigogi ba abin yarda ba ne. Yawancin abin da ka rasa ɓoye shi aka yi. Ctrl da Shift da B suna dawo da layin shafukan da ka adana. Ctrl da Shift da A suna nemo shafi cikin waɗanda ka buɗe a Chrome. Danna dama a kan shafi yana ba ka damar haɗa shi rukuni da suna da launi. Edge tana da jerin shafuka a gefe tun 2021, Firefox ta samu nata a siga ta 136 a Maris na 2025, kuma a Firefox "Customize toolbar" yana barin ka ja kowane maɓalli ka mayar inda ka saba. Idan kuma burauzar ta rikice ne bayan sabuntawa, ka rubuta about:support a Firefox ka latsa "Refresh Firefox", ko "Reset settings" a Chrome. Kalmomin sirri da shafukan da ka adana ba za su taɓu ba, amma Firefox za ta cire ƙananan manhajojinka, Chrome kuma ta kashe su, don haka ka rubuta sunayensu kafin ka fara.